Birkin da ya yi laushi ba ƙarin mai yake nema ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da masu motoci, da direbobi, da 'yan'uwanmu makanikai na Damagaram a kan fedar birki da ta yi laushi. Mu masu aikin birki ne, kuma abin da ya sa muka rubuto shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tasha da garaji. Direba zai zo ya ce birkinsa ya yi nisa, sai a ɗaga murfin inji, a tsiyaya man birki a bokal, wato ɗan mazubin da ke ajiye shi, a buga feda sau biyar a ce masa "je ka, ya kama". Daga nan a loda mutum 19 a Hiace a kama hanyar Tanut ko Magarya. Wannan birki bai kama ba, ɓoye ciwon aka yi.

Yadda abin yake aiki ba wuya. In ka taka feda, tana tura fistan a cikin babban famfon da muke kira metir silinda, shi kuma ya tura mai ta cikin siraran bututun ƙarfe zuwa ƙafafu huɗu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka yake isa taya gaba ɗaya. Iska kuwa tana matsuwa. Wanda yake so ya gani da idonsa ya ɗauki sirinji ya cika da ruwa, ya toshe bakin da yatsa ya danna: ba za ta motsa ba. Ya bar 'yar iska a ciki ya sake dannawa, zai ji tana lotsawa kamar soso. Abin da ƙafar direba take ji ke nan idan iska ta shiga bututu. Kuma iska ba ta shiga sai ta sami ƙofa: ko mai ya ƙare a bokal har famfo ya zuƙo ta, ko an kwance wani bututu, ko roba ta mutu a wani wuri, ko kuma man ya tafasa. Wanda ya fitar da iska bai nemo ƙofar da ta bi ba, bayan sati zai sake ganin motar.

Saboda haka kafin a taɓa kile, wato sifana, a zauna a kan kujerar direba a saurari abin da feda take faɗa. A kashe inji, a taka sau uku ko huɗu har ta yi tauri, sannan a danne ta da ƙarfi daidai na daƙiƙa 30. Idan tana sulalewa ƙasa a hankali, mai yana tsere wa wani wuri. In akwai jiƙa a waje, yoyo ne. In ko'ina a bushe yake kuma bokal bai ragu ba, robobin cikin metir silinda ne suka ci, mai yana zagaye fistan yana komawa baya. Wannan ko ka kwana kana fitar da iska ba zai gyaru ba, sai an canza robobin ko famfon ɗungurungum. Idan kuwa feda tana da laushin soso, tana ɗagowa in an bubbuga, ta sake faɗawa in an bar ta na ɗan lokaci, iska ce. Akwai ta uku da ke ruɗa yara masu koyon aiki: feda tana tafiya da nisa amma in ta isa sai ta tsaya ƙyam, babu soso. Wannan yawanci takalman birkin baya ne suka yi nesa da tambur, wato gangar ƙarfen da suke gugawa don tsayar da taya. A ja birkin hannu ƙas-ƙas biyu ko uku a sake takawa. In feda ta hau sama, gyaran tazarar takalma ake bukata, ba mai ba. Haka nan in feda ta kan yi nisa bayan an sha kwana ko an bi hanya mai gargada, a ɗaga ƙafar gaba a girgiza taya, domin in boris ɗin ƙafa ya yi sako-sako faifan birki yana lilo ya tura fistan baya. Feda mai tauri kamar dutse wadda ba ta tsayar da mota, wannan wata matsala ce daban, ta tulun iskan da ke bayan famfo, mai ƙara wa ƙafar direba ƙarfi.

Sai a bi yoyo da ido da yatsa. A duba bayan kowace taya ta ciki. A cire tambur a ɗaga 'yar robar da ke rufe bakin silindar ƙafa. In ka ga danshi a ƙarƙashinta, ta mutu. Takalmin da ya sha mai jefar da shi ake yi, wanke shi da fetur ba ya maido shi. A duba inda metir silinda ya haɗu da tulun iska: in fenti ya kwaile a ƙasan wurin, mai yana zuba ta baya, wani lokaci cikin tulun yake taruwa ba a ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Tiyon roba da ke zuwa kowace ƙafa shi ma a sa wani ya taka birki da ƙarfi kai kuma ka riƙe shi a hannu. In ya kumbura ko ka ga ya tsattsage, rabin ƙarfin ƙafar direba a nan yake ƙarewa, kuma ranar da zai fashe ba ya sallama. Zafin ƙasarmu yana busar da roba da wuri. Abu ɗaya da ba laifi ba ne: mai ya ɗan sauka a bokal sannu a hankali cikin watanni. Plaket, wato takalman da ke matse faifan birki, su ne suke cinyewa, fistan yana fitowa, mai yana bin sa. Wannan alama ce ta a duba plaket.

Yanzu maganar man kansa, wadda ita ce ta fi damunmu. Man birki mai lambar DOT 3, DOT 4 ko DOT 5.1 a jikin kwalba yana shan danshin iska, haka aka yi shi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Amma da zarar ruwa ya kai kashi 3.7 cikin 100 a cikinsa, ma'aunin da aka gindaya ya koma 140 ga DOT 3, 155 ga DOT 4, 180 ga DOT 5.1. Ka ga an yi asarar digiri 65 zuwa 80 ba tare da direba ya ji komai ba da safe. Sai mota ta yi lodi, rana ta take a watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, direba ya yi ta taka birki saboda ramuka, amalanke da dabbobi masu ƙetare titi. Zafin faifai ya bi fistan ya shiga mai, ruwan da ke ciki ya zama tururi, tururi kuwa iska ne. Feda ta tafi ƙasa ba komai. Abin da ya fi muni, in mota ta huce birki ya dawo kamar ba a yi ba, sai direba ya ce ai wucewa ya yi.

Mukan ji ana cewa Zinder ƙasa ce busasshiya, ina mai zai sami ruwa? A watannin rani gaskiya danshi kaɗan ne. Amma akwai damina, akwai wankin mota da ake fesa ruwa har kan bokal, akwai korama da ake ratsawa a Yuli da Agusta. Sannan yawancin motocinmu na hannu ne, sun yi shekaru a ƙasashen sanyi da ruwa, sun ƙetare teku, sun zauna a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome kafin su iso nan, kuma ba wanda ya san ranar da aka zuba man da ke cikinsu. A ganinmu duk motar da aka sayo, kafin a yi mata ado a canza mata man birki. Bayan haka kowace shekara 2, kamar yadda kamfanonin mota da dama suka ce. Motar haya mai zirga-zirga kullum tsakanin Zinder da Agadas ko Maraɗi, mu shekara 1 muke ba da shawara. Ruwan nan ba tafasa kaɗai yake jawowa ba, yana sa tsatsa a cikin silinda, tsatsa kuma ta yanka roba.

Wane mai za a saya, an rubuta a kan murfin bokal, a karanta. Ana iya zuba DOT 4 inda aka ce DOT 3, amma kada a sauko daga 4 zuwa 3. DOT 5 mai launin shunayya na silikon ne, ba ɗan'uwan DOT 5.1 ba ne ko da yake lambarsu ta yi kama, kuma ba a haɗa shi da sauran. Koren man LHM na wasu tsoffin Citroën ne. Man inji, man giya, man sitiyari, duk guba ne ga birki: suna kumbura robobi har su yi laushi kamar tuwo. In aka yi kuskuren zuba su, alamar farko ita ce robar cikin murfin bokal ta kumbura ta ƙi komawa mazauninta, kuma maganin shi ne canza duk wata roba da tiyo da man ya taɓa, a wanke bututun ƙarfe. Ga gwaji mai sauƙi: ɗiga man a cikin kofin ruwa. Man birki na gaskiya yana narkewa ya bi ruwa, man inji da danginsa sai su taso sama. A sayi kwalba mai hatimi a baki. Man da ake aunawa a buɗaɗɗen galan a bakin hanya, ko ragowar kwalbar da ta yi watanni a buɗe a kan kantar shago, ya riga ya sha danshi da ƙura. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa in mai ya ƙare a daji kuwa, da ɗaure bututun ƙafa ɗaya da ƙusa a ci gaba da lodi, muna roƙon shugabannin tasha su hana motar da aka yi wa haka ɗaukar fasinja har sai an wanke an gyara.

Kayan aikin ba su da yawa. Lita 1 ta sabon mai ta ishi ƙaramar mota ko Hilux. Rabin lita kan isa in iska kaɗai za a fitar, amma gara ya yi saura da ya yanke ana tsakiyar aiki. Sai kile mai zobe daidai da bis ɗin fitar da iska, wato 'yar ƙusa mai zare da ke jikin birkin kowace ƙafa, yawanci lamba 8 ko 10, wasu motocin 7, 9 ko 11. Sai farin tiyo da ake ganin cikinsa, tsawon rabin mita, wanda zai kama kan bis ɗin tsam. Sai kwalba mai tsabta, babban sirinji, tsumma, guntun katako, da bokitin ruwa a kusa, domin man birki yana cin fenti, in ya zuba a jikin mota a kwarara ruwa nan take. In ya shiga ido ma ruwa ne, mai yawa. Sai mutum biyu, ɗaya a kan feda ɗaya a ƙasa. A ajiye mota a wuri mai daidai, a sa wa tayoyi waigi, in an ɗaga ta a tokare da ƙarfe ko kututture. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, balle a kan yashi.

A goge murfin bokal da kewayensa kafin a buɗe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce silinda. A zuƙe tsohon man da sirinji, a bar kaɗan a gindi yadda ramukan ƙasa ba za su buɗe ba, a cika da sabo har layin sama. Wannan yana rage aiki sosai, tunda ba sai an tura baƙin man bokal ta cikin bututu ba. A sa guntun katakon a ƙarƙashin feda. Dalilinsa: a tsohuwar mota fistan ɗin famfo ya saba tafiya rabin hanya kawai, can ƙuryar silinda akwai datti da tsatsa. In aka danna feda har ƙasa, robar ta bi ta kan wannan wuri ta yage, sai mota ta zo da ƙaramin ciwo ta koma da babba. Da yawa daga cikin famfunan da ake cewa sun mutu "haka kawai" bayan fitar da iska, a nan suka mutu.

Ƙa'idar da aka saba ita ce a fara da ƙafar da ta fi nisa da famfo. Ga motocinmu masu sitiyari a hagu: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Wasu motoci, musamman ƙanana masu jan gaba da aka raba bututunsu a gicciye, kamfaninsu ya ba da wani jeri daban. In akwai littafin motar, shi za a bi.

A cire 'yar hular robar da ke kan bis, a goge, a sa kile tukuna sannan a cusa tiyo. Ɗaya bakin tiyon ya nutse cikin mai kamar yatsa biyu a gindin kwalba. Inji a kashe. Na ƙasa ya ce "buga". Na sama ya taka a hankali sau uku, ya danne, ya ce "na riƙe". Na ƙasa ya buɗe bis kwata ɗin zagaye, ba fiye ba. Mai zai fito, feda ta sauka ta zauna kan katako, na sama ya ce "ta sauka" kuma kada ya ɗaga ƙafa. Na ƙasa ya rufe bis, sannan ya ce "saki". Duk aikin a kan wannan jeri ya rataya: in aka saki feda bis yana buɗe, iska ta koma ciki ta tiyo ko ta zaren bis, an koma gidan jiya. Kuma bugun nan na sauri da yaran garaji ke so, fat-fat-fat kamar ana kiɗa, kuskure ne. Yana farfasa babban kumfa ya zama ƙananan da ba sa fita sai sun kwanta. In mai ya riga ya yi kumfa, a bar mota ta huta minti 15 ko 20. Saboda wannan dalili ba a girgiza kwalbar sabon mai kafin a zuba.

Ido yana kan tiyo. Da farko za ka ga mai baƙi ko ja kamar shayin da ya daɗe a wuta, da ƙwayoyin iska suna bin juna. A ci gaba har ya koma garau mai ɗan rawaya, babu kumfa ko ɗaya sau uku a jere. Ƙafar farko ita ke cin mai da yawa don bututunta ya fi tsawo. Bayan kowane buɗewa huɗu ko biyar a leƙa bokal a ƙara. In aka yi sakaci ya ƙafe, famfo ya zuƙi iska, sai an sake daga farko, ƙafa huɗu duka. Ɗan bubbuga jikin abin da ke riƙe plaket da ƙotar sukudireba yana sakin kumfan da ya maƙale a lungu. In an gama a ɗaure bis da ƙarfin yatsu biyu a kan kile. Rami ne da shi a ciki, ba ya jure murɗa. A maida hularsa. Hular nan da ake rainawa ita ke hana laka toshe ramin.

Bis ɗin da ya cije da tsatsa a goge shi da burushin waya, a fesa man sassauta tsatsa, a ba shi lokaci, a ɗan ƙwanƙwasa kansa, a gwada gaba da baya kaɗan-kaɗan. Kile mai buɗaɗɗen baki ko filaya cinye kan suke yi. In an buɗe mai bai fito ba, a cire shi gaba ɗaya a zura siririyar waya a ramin. In har yanzu babu, a zargi tiyon roba, yakan ruɓe ta ciki ya toshe.

Akwai wurare uku da suke sa a gama komai daidai amma feda ta ƙi tauri. Na farko, Hilux, Land Cruiser da Hiace da yawa suna da wani bawul a baya, sama da aksil, mai sanda da ke auna nauyin lodi ya daidaita ƙarfin birkin baya. Yana da nasa bis ɗin, kuma ana yawan mantawa da shi. A fitar da iskarsa bayan an gama ƙafafu. Na biyu, in an kwance abin riƙe plaket na gaba aka musanya na dama da na hagu, bis zai koma ƙasa. Iska sama take taruwa, don haka ba za ta taɓa fita ba. Bis kullum a sama yake. Na uku, sabon metir silinda ana cika shi a fitar da iskarsa a kan teburi kafin a ɗaura, ta hanyar maida gajerun tiyo daga bakunansa zuwa cikin bokal ana tura fistan a hankali har kumfa ya ƙare. Motoci masu ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki da ƙarfi, canza mai kamar sauran ne muddin bokal bai ƙafe ba. In iska ta shiga akwatin ABS, wasu sai an haɗa su da na'urar kwamfuta ta kunna famfon ciki ta buɗe bawuloli. Makanikin da ba shi da ita ya faɗa wa mai mota gaskiya ya tura shi inda take.

Wanda ba shi da mataimaki zai iya cika bokal, ya sa tiyo, ya buɗe bis ya bar mai yana ɗiga da kansa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Yana cin lokaci kuma ya fi dacewa da canza mai, ba korar iska mai yawa ba.

Man da ya fito ba a maida shi bokal ko da ya yi kyan gani. Guba ne, kada a zuba shi a kwalbar lemo a ajiye inda yara ke wasa, kada a watsar a ƙasa inda awaki ke kiwo ko kusa da rijiya. A tara shi a jarka mai murfi da rubutu a jiki.

Daga ƙarshe a daidaita mai tsakanin layin ƙasa da na sama, a rufe. A danne feda inji a kashe, ta tsaya da tauri a sama. Ƙafa tana kai a tada inji: za ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya, wannan alama ce tulun iska yana aiki. A sa wani ya danne da ƙarfi a bi kowane bis da kowace mahaɗa da busasshen yatsa. In an canza plaket, a buga feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa ko taku ɗaya, don takawar farko fanko ce. Gwajin farko a fili marar jama'a, da gudun kilomita 20, sannan 40, ba cikin cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis ba. Mota ta tsaya a miƙe, ba ta ja gefe. Washegari da safe a sake duba bokal da bayan tayoyi, a kuma rubuta wata da shekarar da aka canza man a jikin takarda a manna kusa da bokal, yadda wanda zai buɗe motar nan gaba zai gani.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya kiyaye hanya.

Wassalam,
Wasu makanikan birki,
Zinder